Gindin Ƙoƙon Kai da Larurar Chiari: Abin da Milimita 5 Ba Ta Faɗa

Akwai wani ciwon kai da ba ya kama da sauran. Daga ƙeya yake tasowa, kuma ba ya zuwa sai mutum ya yi tari, ko atishawa, ko dariya mai ƙarfi, ko ya yunƙura zai ɗaga kaya. Sai ya sara kamar an buga guduma, ya yi 'yan daƙiƙu ko mintoci kaɗan, ya lafa. Likitan da ya san aikinsa, da ya ji wannan bayani zai nemi hoton MRI na kai da wuya, wato hoton cikin jiki da na'urar maganaɗiso ke ɗauka. Sau da yawa sakamakon kan dawo da jimla guda: gindin ƙaramar ƙwaƙwalwa ya zarce ƙofar ƙoƙon kai da milimita kaza, larurar Chiari nau'i na 1.

Likitoci kan sa wa abin wannan suna ne idan zarcewar ta kai milimita 5. Wannan jimla gaskiya ce, amma ta auna abin da ya zazzago ne kawai, ba ta ce komai a kan abin da ya sa ya zazzago ba. Amsar wannan tambaya kuwa, a mafi yawan masu larurar, tana cikin ƙashi.

Idan aka cire murfin ƙoƙon kai aka ɗauke ƙwaƙwalwa, daɓen da za a gani hawa uku ne kamar matakala, kowane ya fi na gabansa zurfi: kwarmin gaba a saman idanu, kwarmin tsakiya, sai kwarmin baya wajen ƙeya. Na bayan nan shi ne abin maganarmu. A cikinsa ƙaramar ƙwaƙwalwa take, wadda ke daidaita tafiya da motsin gaɓoɓi, tare da karan ƙwaƙwalwa, inda cibiyoyin numfashi da bugun zuciya da haɗiya suke. Ɗaki ne mai iyaka ta kowane ɓangare. Rufinsa wata fata ce mai tauri da aka ɗaure kamar tanti, ta raba shi da babbar ƙwaƙwalwa. Bangonsa na gaba wani ƙashi ne mai gangara da ake kira kilibus, kalmar Latin mai nufin gangare, tsawonsa a baligi bai wuce santimita 4 zuwa 4.5 ba, kuma a kansa karan ƙwaƙwalwa ke kishingiɗe. A gefe akwai ƙasusuwa masu tauri da suka ɓoye kunnen ciki. Baya da ƙasa duk ƙashin ƙeya ne. Mafita guda ce babba, a tsakiyar daɓen: foramen magnum, wato babbar ƙofa, mai tsawon kusan santimita 3.5 da faɗin kusan 3.

Ta wannan ƙofa karan ƙwaƙwalwa ke fita ya zama laka. Ta nan manyan jijiyoyin jini biyu ke shigowa daga wuya. Ta nan kuma ruwan ƙwaƙwalwa ke kai da komo, abin da aka fi mantawa da shi. Ruwan nan kusan mililita 150 ne a jikin baligi, jiki kuma na samar da kusan 500 a kowace rana yana shanye tsohon. Duk bugun zuciya yakan turo jini cikin ƙoƙon kai, shi kuwa ƙoƙon ba ya buɗawa, don haka dole wani abu ya ba da wuri. Ruwan ne ke ba da wuri: ya sulale ta babbar ƙofa zuwa kewayen laka, zuciya ta saki ya dawo. To a ƙasan ƙaramar ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙulle-ƙulle biyu, dama da hagu, da likitoci ke kira tansil saboda kamanninsu da na maƙogwaro (ba su da wata alaƙa da juna ban da suna). Idan suka sauko suka cusa kai cikin ƙofar, sun zama marfin kwalba. Tari kan ɗaga matsin ruwa nan take, ruwan ya nemi hanya ya rasa, fatar da ke kewaye ta ja. Ciwon kan nan ke nan.

Shi kansa Hans Chiari, ana furta sunan Kiyari, likitan binciken gawa ɗan Ostiriya da ya yi aiki a birnin Prag, ba ƙashi ya zarga ba. A rubutunsa na 1891 ya ɗauka taruwar ruwa a babbar ƙwaƙwalwa ce ke danno ƙaramar ƙasa. Kafin shi John Cleland na Sikotlan ya bayyana irin wannan siffa a 1883, sannan Julius Arnold ya kawo labarin jariri guda a 1894, ɗalibansa kuma suka liƙa sunan malaminsu a gaban na Chiari a 1907. Shi ya sa har yau ake jin "Arnold-Chiari", duk da cewa a gaskiya aikin Chiari ya fi na Arnold nesa ba kusa ba. Sai da aka shafe shekara kusan casa'in kafin hankali ya koma kan ɗakin maimakon mazauninsa.

A nan sai an koma cikin mahaifa. Ƙoƙon kai ba iri guda ake gina shi ba. Murfinsa na sama daga fata yake rikiɗewa ya zama ƙashi, yana kuma bin girman ƙwaƙwalwa: ta kumbura, ya buɗa. Gindin kuwa da guringuntsi yake farawa, kamar ƙashin cinya, yana girma ne ta wasu mahaɗai na guringuntsi da ke da nasu lokacin buɗewa da rufewa. Ƙashin ƙeyar da muke gani guda ɗaya, asalinsa gutsattsari ne da suka kewaye babbar ƙofa, ɗaya a gaba, biyu a gefe, ɗaya a baya, kuma tushensu ɗaya da ƙasusuwan wuya, kamar dai 'yan ƙashin baya ne da suka narke suka haɗe da kai. Shi kilibus yana ƙara tsawo ta wani mahaɗi a tsakiyarsa wanda ba ya rufewa sai lokacin balaga. Ita kuwa ƙaramar ƙwaƙwalwa ba ta jiran kowa, a shekarar farko bayan haihuwa girmanta kan ninka. Idan guringuntsin ya yi nawa, mazauni zai cika ɗaki, kuma ƙofa ɗaya ce.

A 1981 Miguel Marin-Padilla da abokiyar aikinsa suka ba wasu dabbobi dangin ɓera masu ciki bitamin A mai yawa, 'ya'yan suka fito da gajeren ƙashin ƙeya da matsattsen kwarmin baya, ƙaramar ƙwaƙwalwarsu ta turo ƙasa. Da MRI ta yaɗu, aka auna mutane. Misao Nishikawa da abokansa a Japan sun nuna a 1997 cewa sassan ƙashin ƙeyar da suka fito daga guringuntsi sun fi gajarta a masu Chiari, rufin tantin kuma ya fi tsayuwa a miƙe. Bayan shekara biyu Thomas Milhorat a birnin New York ya fitar da binciken da har yau ake komawa gare shi, a kan majiyyata 364 masu alamun ciwo. Girman ƙwaƙwalwarsu daidai yake da na kowa. Kwarmin baya ne ya ragu da kimanin mililita 13, gurbin ruwan da ke cikinsa kuma ya ragu da kashi 40 cikin 100. Mililita 13 bai kai cokalin miya guda ba, amma a ɗakin da ba shi da rara, ya isa.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ba daga awon ta zo ba, daga wasu larurori biyu ne da ke rufe mahaɗan ƙoƙon kai da wuri. A larurar Crouzon, mahaɗan ƙeya kan rufe tun jariri na ƙarami, kuma wani bincike da aka yi a birnin Faris a 1995 ya samu zazzagowar tansil a kusan kashi 70 cikin 100 na yaran. A larurar Apert, wadda take 'yar uwarta ce ta kusa har a ƙwayar halitta, mahaɗan ƙeya kan jinkirta rufewa, zazzagowar kuma ba ta wuce kashi 2 ba. Masu binciken sun danganta wannan bambanci da lokacin rufewar ƙashi. Haka ake gani a wasu yara masu ciwon laushin ƙashi na gado, inda ƙashin ƙeya ke yin kauri ya cinye fili. Har karnuka ba su tsira ba: akwai wani ɗan ƙaramin kare na Ingila, Cavalier King Charles, da masu kiwo suka yi ta zaɓen masu gajeren kai har larurar ta zama ruwan dare a zuriyarsa.

To ina milimita 5 ta samo asali? A tsakiyar shekarun 1980, lokacin da MRI ke sabuwa, masu karanta hoto suka buƙaci iyaka. Aka ja layi daga leɓen babbar ƙofa na gaba zuwa na baya, layin McRae ke nan, aka ga cewa a masu lafiya tansil ba kasafai ke wuce shi da fiye da milimita 3 ba, a masu ciwo kuma yawanci ya kai 5 ko fiye. Aka tsaya a nan. Ma'auni ne mai sauƙi, sauƙin nasa kuma shi ne aibinsa. Tansil na ƙara hawa sama yayin da mutum ke manyanta: wani bincike na 1992 ya nuna milimita 6 na iya zama daidai ga yaro ɗan ƙasa da shekara goma, ga tsoho ɗan tamanin da ɗoriya kuwa 3 ce iyaka. A asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore an duba hotunan mutum 22,591, aka samu 175 da suka haura milimita 5, kuma kashi 14 cikin 100 nasu ba sa jin komai. A wani binciken da aka fitar a 2011 a jihar Michigan an duba hotunan yara fiye da 14,000, aka samu siffar a kashi 3.6 cikin 100, da yawansu don wani dalili daban aka ɗauke su hoto. Ta ɗaya ɓangaren, cikin majiyyatan Milhorat 364, guda 32 ba su kai milimita 5 ba, amma dukkansu, ba togiya, gurbin ruwan da ke bayan ƙaramar ƙwaƙwalwarsu ya toshe. A 1998 kuma likitoci a Birmingham ta jihar Alabama suka ba da rahoton yara biyar da ruwa ya taru a cikin lakarsu alhali tansil bai sauko ba ko kaɗan, aka buɗe musu ƙeya, ruwan ya janye. Suka raɗa wa abin suna Chiari 0, suna mai ban dariya, amma ya nuna inda gizo ke saƙa: cunkoso a bakin ƙofa, ko an zarce layi ko ba a zarce ba.

Taruwar ruwa a laka ita ce babbar illar da ake gudu. Milhorat ya same ta a kashi 65 cikin 100 na majiyyatansa, karkacewar ƙashin baya kuma a kashi 42. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne na Edward Oldfield a 1994: da kowane bugun zuciya tansil na sauka kamar fistin ɗin inji, yana dannan ruwan da ke kewaye da laka har ya kutsa cikinta ya haƙa rami. Ramin kan fara cin zaruruwan da ke ɗauko jin zafi da sanyi, sai ka ga mutum ya ƙone a hannu bai sani ba, alhali yana jin taɓawa.

Zuwa nan duk maganar bayan ƙofa muke yi. Gabanta ya fi rikitarwa, a nan kuma ake gane gwanin likita.

Kai na zaune ne a kan ƙashin wuya na farko, atalas, wanda zobe ne kawai. Na biyu, aksis, yana da wani tsini kamar haƙori da ya shige cikin zoben, a kansa kai ke juyawa dama da hagu. Haƙorin nan a gaban karan ƙwaƙwalwa yake, tazararsu 'yan milimitoci. Tun da ƙashin ƙeya da waɗannan ƙasusuwa tushensu ɗaya, matsalar da ta gajarta ɗaya takan taɓa sauran. A wasu, atalas kan manne da ƙashin ƙeya. A wasu, haƙorin kan kwanta baya ya tokare karan ƙwaƙwalwa. A wasu kuma yakan haura gaba ɗaya ya leƙa cikin babbar ƙofa, kamar kan ya nutse a kan wuya. Milhorat ya ga wannan a kashi 12 cikin 100. Irin waɗannan mutane sukan zama masu gajeren wuya, gashin ƙeyarsu ya sauko ƙasa. Akwai kuma inda gindin ƙoƙon kai ke baje, kusurwar da ke tsakanin kwarmin gaba da kilibus ta buɗe ta wuce digiri 140 da 'yan kai, sai kilibus ya kwanta maimakon ya gangara.

Don gane waɗannan ne aka ƙirƙiri tarin layukan da ke cika rahoton hoto. Tun zamanin hoton eksire, a 1939, Chamberlain ya ja layi daga ƙarshen ganɗa zuwa leɓen ƙofa na baya, McGregor ya gyara shi a 1948. Idan tsinin haƙori ya haura layin da 'yan milimitoci, an nutse. Na zamani biyu sun fi amfani wurin yanke hukunci. Ɗaya ita ce kusurwar da ke tsakanin kilibus da bayan aksis, wadda a mai lafiya takan kai digiri 150 ko fiye. Idan ta tsuke, karan ƙwaƙwalwa na lanƙwashe a kan haƙori kamar igiya a kan ƙusa. Likitocin yara a Salt Lake City sun nuna a 2012 cewa yaran da kusurwarsu ta gaza digiri 125 sun fi buƙatar a ɗaure musu kai da wuya da ƙarfe. Ɗayan shi ne awon Grabb da Oakes na 1999, mai auna yadda haƙori ya kutso cikin hanyar laka: daga milimita 9 zuwa sama, matsin gaba ya zama abin damuwa.

Amfanin duk wannan lissafi a ɗakin tiyata yake bayyana. Aikin da aka saba yi wa Chiari 1 shi ne a ƙara wa ɗaki fili ta baya: a cire ƙashin ƙeya kimanin santimita 3 a tsaye da 3 a kwance, a cire bayan zoben atalas, sau da yawa kuma a tsaga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa a yi mata faci don ta yi yalwa. Ko a tsaga fatar ko a bar ta, likitoci sun daɗe suna muhawara a kai, domin tsagawar ta fi janye ruwan laka amma ta fi jawo yoyo da kumburi. Ga wanda matsalarsa ƙanƙantar kwarmi ce kawai, aikin na yin kyau, musamman a kan ciwon kan tari. Amma wanda haƙori ke tokare da shi ta gaba, buɗe baya ba ya ɗauke masa tokarar, kuma yanke tsoka da jijiyoyin ƙeya na iya sa kan ya ƙara rusunawa gaba, matsin ya ƙaru. Shi sai an ja kan an daidaita, an ɗaure ƙeya da wuya da sukurori, wani lokaci ma a fasa haƙorin ta baki, hanyar da Arnold Menezes na jami'ar Iowa ya shahara da ita, ko ta hanci da na'urar leƙe. Cire ƙashi fiye da kima shi ma masifa ne: ƙaramar ƙwaƙwalwa kan rasa madogara ta zube cikin gurbin da aka buɗe.

Atul Goel na birnin Mumbai a Indiya ya tafi da nisa fiye da haka. A 2015 ya ce asalin larurar gaba ɗaya sakin mahaɗin atalas da aksis ne, tansil kuma saukowa yake ya zama matashi mai kare laka, saboda haka a ɗaure ƙasusuwan biyu kawai, kada a taɓa ƙeya. Mafi yawan likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa ba su bi shi ba, kuma ina ganin suna da hujja, domin ɗaure wannan mahaɗi na cinye kusan rabin juyawar wuya har abada, ga kuma ɗimbin majiyyata da suka warke da buɗe baya kaɗai. Sai dai ya tilasta wa kowa duban gaban ƙofa, wannan kam ba a ƙwace masa ba.

Akwai kuma waɗanda ƙashinsu lafiya lau, amma hotonsu na kama da Chiari. Idan ruwan laka na yoyo a wani wuri a ƙashin baya, ƙwaƙwalwa kan rasa abin da take iyo a kai, ta sulale ƙasa. Alamar ita ce ciwon kai da ke tashi idan an miƙe, ya kwanta idan an kwanta. Idan matsin cikin kai ya hau, ko ƙari ya tsiro, ana danno ta ne daga sama. Buɗe ƙeyar irin waɗannan kuskure ne, kuma abin da ke tona asiri sau da yawa shi ne kilibus mai cikakken tsawo da kwarmi mai yalwa. Ya kamata a faɗi kuma cewa awon masu Chiari 1 da na masu lafiya na shiga juna: bambancin a matsakaicin jama'a yake fitowa, ba kowane majiyyaci ne ke da ƙaramin kwarmi ba.

Nau'i na 2 labari ne daban, kodayake suna ya haɗa su. Kusan duk jaririn da aka haifa da buɗaɗɗen ƙashin baya, laka a waje, yana da shi. A nan ba tansil kaɗai ba, tsakiyar ƙaramar ƙwaƙwalwa da karan ƙwaƙwalwa ne ke saukowa cikin wuya. David McLone da Paul Knepper na Chicago sun bayyana dalilin a 1989: ruwa na tsiyayewa ta ramin baya tun ɗan tayi na 'yan makonni, kogunan ƙwaƙwalwa ba su cika sun kumbura ba, guringuntsin da ke kewaye kuma bai samu turin da zai sa ya buɗa ba. Wato a nau'i na 1 ƙashi ne ya takura ƙwaƙwalwa, a na 2 kuwa rashin ruwa ne ya hana ƙashi girma. An gwada wannan tunani a aikace. A binciken da aka fitar a Amurka a 2011, an ɗinke wa wasu 'yan tayi ramin baya tun suna ciki, kafin mako na 26. Da suka shekara, kashi 36 cikin 100 ba su da wata zazzagowa, alhali cikin waɗanda aka yi wa aiki bayan haihuwa kashi 4 ne kawai. Buƙatar bututun janye ruwa daga kai ta sauka daga kashi 82 zuwa 40. Ba kyauta aka samu ba, domin an fi haihuwar su bakwaini, wajen mako na 34, mahaifar uwa kuma ta ɗauki tabo.

Siffar ƙashin ma ta saɓa. Kwarmin baya a nau'i na 2 ɗan ƙarami ne ƙwarai, kilibus da ƙasusuwan gefe sun lotsa saboda matsi, tantin ya sauko ƙasa, amma babbar ƙofa a buɗe take wangwam, ta fi ta kowa faɗi. Matsin ba a bakinta yake ba, yana can ƙasa a cikin wuya. Saboda haka idan jariri mai wannan larura ya fara shaƙewa, ko kukansa ya dushe, ko numfashinsa na ɗaukewa, abin da ake fara dubawa shi ne ko bututun kansa ya toshe. In har sai an buɗe, bayan ƙasusuwan wuya ake cirewa, a ƙyale ƙashin ƙeya, domin mahaɗar manyan magudanan jini, wadda a wurin kowa take can sama wajen tudun ƙeya, a wurin waɗannan yara takan sauko har gab da leɓen ƙofar, daidai inda wuƙar mai aikin Chiari 1 ta saba bi.